Helios-44

Helios-44 (da harshen Rasha: Гелиос-44) wani ruwan tabarau ne na kyamara, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara domin ya tattara haske ya haɗa hoto, wanda masu sana'ar ɗaukar hoto suke kira lens. An ƙera shi a Tarayyar Sobiyet daga shekarar 1958 har zuwa cikin shekarun 1990. Tsawon fokas ɗinsa milimita 58 ne, kuma ƙofar haskensa tana buɗewa har zuwa f/2. An yi shi ne domin kyamarorin fim, musamman dangin Zenit, kuma babu mota ko wayar lantarki a cikinsa, da hannu ake saita komai. Yana daga cikin lens ɗin da aka fi ƙerawa da yawa a tarihin ɗaukar hoto. A yau an fi saninsa a matsayin tsohon lens mai araha da ake ɗaurawa a kan kyamarorin dijital na zamani ta hanyar adafta, saboda yadda yake murɗa bayan hoto kamar guguwa.

Suna

Helios sunan allahn rana ne a tatsuniyoyin Girkawan da. A harshen Rasha ana rubuta shi da harafin Г, wanda ake furtawa kamar "g", domin harshen ya saba mayar da sautin "h" na baƙin kalmomi zuwa "g". Saboda haka Rashawa "Geliyos" suke cewa. Waɗanda aka yi domin kasuwar cikin gida suna ɗauke da sunan da haruffan Rasha, waɗanda aka yi domin fitarwa waje kuma da haruffan boko, amma lens ɗin ɗaya ne. Lambar 44 lambar tsari ce kawai a cikin jerin Helios, ba ta da alaƙa da tsawon fokas.

Asali

Tsarin gilasan Helios-44 ba a Rasha aka faro shi ba. An ɗauko shi ne daga Biotar 58mm f/2 na kamfanin Carl Zeiss da ke garin Jena a Jamus. Willy Merté ne ya tsara Biotar na farko a shekarar 1927, sannan a 1936 aka fitar da mai milimita 58 domin kyamarar Kine Exakta. Shi ma Biotar ɗin reshe ne na wani tsohon tsari da ake kira Gauss mai ninki biyu, wanda Paul Rudolph ya yi amfani da shi a lens ɗin Planar a 1896. A wannan tsari ana jera gilasai shida a rukuni huɗu, rabi a gaban ƙofar haske, rabi a bayanta, suna fuskantar juna, ta yadda kuskuren da rabin gaba ya jawo sai rabin baya ya rage shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu garin Jena ya faɗa yankin da Sobiyet ke iko da shi. A 1946 aka kwashe injuna da takardun zane da wasu ƙwararrun ma'aikatan Zeiss zuwa Tarayyar Sobiyet a matsayin diyyar yaƙi. Daga wannan gado ne lens da dama na Sobiyet suka fito: dangin Jupiter daga Sonnar, Helios-44 kuma daga Biotar. Injiniyoyin Sobiyet sun sake lissafin tsarin domin ya dace da irin gilashin da masana'antunsu suke narkawa.

Akwai dalilin da ya sa aka zaɓi milimita 58 maimakon 50 da aka saba. A cikin kyamara mai madubi akwai wani madubi da ke tsaye tsakanin lens da fim, wanda yake ɗagawa sama a duk lokacin da aka danna maɓalli. Dole gilashin ƙarshe na lens ya bar masa wurin motsi, kuma a wancan zamani ya fi sauƙi a sami wannan fili idan aka ɗan tsawaita fokas.

Masana'antu da samfura

Masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko ita ce ta fara ƙera shi, domin kyamarar Start ta 1958. Daga baya aka raba aikin da masana'antar Minsk a Belarus, wadda aka sani da MMZ sannan BelOMO, da kuma masana'antar Jupiter da ke garin Valdai. Abin da ya yaɗa shi a duniya shi ne kyamarar Zenit-E, wadda ta fito a 1965 kuma aka ƙera fiye da miliyan uku. An sayar da ita da araha a ƙasashen gurguzu da ma Yammacin Turai, kuma da yawa daga cikinsu da Helios a ɗaure suka fita daga masana'anta.

Na farko-farko farare ne na alminiyom, wasunsu da ganyen ƙofar haske goma sha uku. Wanda ya fi shahara shi ne Helios-44-2, mai ganye takwas, mai nauyin kimanin giram 230, wanda yake iya saita abu daga nisan rabin mita. Bayansa aka yi 44M, sannan 44M-4 zuwa 44M-7, waɗanda akasari ganye shida gare su. Akwai 44K-4 mai bakin Pentax K, da 44-3 na Minsk. Haruffan MC a jikin wasu suna nufin an yi wa gilasan shafi mai hawa da yawa domin rage ƙyalli. A yawancinsu lambobi biyu na farkon lambar jiki su ne shekarar ƙira, misali wanda lambarsa ta fara da 78 an yi shi ne a 1978, ko da yake wasu na farko ba su bi wannan ƙa'ida ba.

Ɗaura shi a kan kyamarar dijital

Yawancin Helios-44 suna da baki irin wanda ake kira M42. Baki ne na murɗawa kamar murfin kwalba, faɗinsa milimita 42, tazarar zarensa milimita ɗaya. An fara amfani da shi a Jamus ta Gabas a 1949 a kan kyamarar Contax S, sannan Praktica da Asahi Pentax na Japan da wasu kamfanoni da yawa suka ɗauke shi, har ya zama kamar baki na kowa da kowa kafin tsakiyar shekarun 1970. Babu wata babbar kyamarar dijital ta yau da ke da wannan baki, shi ya sa ake bukatar adafta.

Abin da yake yanke hukunci a kan ko adafta za ta yi aiki ko ba za ta yi ba shi ne awo guda ɗaya: nisan da ke tsakanin bakin kyamara da wurin da hoto yake sauka, wato fim a da, sensa a yanzu. Kowane lens an lissafa shi ne a kan wani tsayayyen nisa. Na M42 milimita 45.46 ne. Idan lens ya zauna daidai a wannan nisa daga sensa, zai saita komai daga na kusa har zuwa nesa marar iyaka, wanda ake yi wa alamar ∞ a jikin zobe. Idan ya zauna gaba da haka ko da milimita ɗaya ne, to ya rasa nesa, sai abubuwan kusa kawai zai iya fitarwa sarai.

Saboda haka ƙa'idar mai sauƙi ce. Idan nisan kyamara ya gaza na lens, sai a cike giɓin da zoben ƙarfe. Idan ya zarce, babu abin da zobe zai iya yi. Kyamarorin Canon masu bakin EF nisansu milimita 44 ne, don haka adaftarsu siririn faifai ne da kaurinsa bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Pentax K nisansa daidai yake da na M42, adaftarsa kuwa nutsewa take yi cikin bakin kyamara. Nikon F shi ne mai wahala, domin nasa milimita 46.5 ne, ya zarce na M42. A kan irin wannan kyamara Helios ba ya kaiwa nesa, sai dai a sa adafta mai ƙarin gilashi a ciki, kuma wannan gilashi sau da yawa yana rage kaifin hoto. Akwai kuma wata matsala a kan wasu kyamarorin Canon masu babbar sensa, irin su 5D, inda bayan wasu samfuran Helios yake leƙawa ciki har madubi ya buge shi idan an juya zobe zuwa nesa.

Kyamarori marasa madubi su ne suka warware yawancin wannan. Tun da an cire madubi, bakin kyamara ya matso kusa da sensa ƙwarai. Tsarin Micro Four Thirds na Panasonic da Olympus, wanda ya fito a 2008, nisansa milimita 19.25 ne. Sony E na 2010 milimita 18 ne, Fujifilm X na 2012 milimita 17.7, sai Canon RF mai 20 da Nikon Z mai 16, dukansu biyu na 2018. A kan kowace daga cikinsu akwai fili mai yawa, kuma adaftar ba komai ba ce illa bututun ƙarfe marar gilashi. A kan Sony E, alal misali, tsawonta shi ne 45.46 a debe 18, wato milimita 27.46. Fitowar Sony A7 a 2013, kyamara marar madubi mai sensa daidai girman fim na milimita 35, ta ƙara wa wannan harka kasuwa, domin a kanta tsohon lens yana nuna duk faɗin hoton da aka tsara shi ya nuna.

Girman sensa yana canza abin da ake gani. A kan sensar APS-C, wadda ta fi ƙanƙanta, tsakiyar hoton kawai ake ɗauka, sai Helios ya yi kama da lens mai milimita 87, ko kusan 93 a kan Canon. A kan Micro Four Thirds yana kama da 116. Wannan ya mayar da shi lens na hoton fuska fiye da na hoton gari ko taro. Akwai adafta mai gilashi da ke matse hoton ya dawo kan ƙaramar sensa, irin Speed Booster da kamfanin Metabones ya fitar a 2013, amma sau da yawa kuɗinta ya ninka na lens ɗin kansa.

Wani tarko da sababbin masu saye suke faɗawa shi ne na tsofaffin samfura masu bakin M39. Zarensu iri ɗaya ne da na tsofaffin kyamarorin Leica, amma nisan Zenit milimita 45.2 ne, na Leica kuwa 28.8. Lens ɗin zai murɗu lafiya a kan adaftar Leica, amma babu abin da zai fito sarai. Abin da ake yi shi ne a sa masa ɗan zoben da ke mayar da M39 zuwa M42, sannan a ɗaura shi a kan adaftar M42.

Yadda ake aiki da shi

Tun da babu wata waya tsakanin lens da kyamara, kyamarar ba ta ma san an ɗaura mata komai ba. A kan da yawa daga cikinsu sai an shiga saiti an ba ta izinin ɗaukar hoto ba tare da lens ba, in ba haka ba maɓalli ba zai amsa ba. Bayanan da kyamara ke liƙa wa kowane hoto ba za su nuna sunan lens ko lambar ƙofar haske ba. Idan kyamarar tana da na'urar hana rawar hannu a jikin sensa, sai an shigar mata da tsawon fokas da hannu. Awon haske kuwa yana aiki, domin kyamara tana auna abin da ya shigo ne kawai: mai ɗauka ya zaɓi ƙofar haske a jikin lens, ita kuma ta zaɓi saurin rufewa.

Lambobin ƙofar haske suna tafiya ne 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma kowane mataki yana rage haske da rabi. A f/2 faɗin ƙofar milimita 29 ne, wato 58 a raba biyu. Helios-44-2 yana da zobba biyu domin wannan aiki. Na farko mai ƙas-ƙas ne, da shi ake kafa iyaka. Na biyu yana juyawa sumul tsakanin buɗewa gaba ɗaya da iyakar da aka kafa. An yi haka ne domin mai kyamarar fim ya saita fokas da ƙofa a buɗe, lokacin da madubi yake da haske, sannan ya rufe ta da sauri ba tare da ya ɗauke ido ba. Tsarin yana rikita wanda bai saba ba, domin alamar zobe na biyu tana nuna kamar lambobin a juye suke. Masu ɗaukar bidiyo kuwa wannan zobe suke so, saboda ana iya rage haske a hankali ana cikin ɗauka ba tare da tsalle ko ƙara ba.

Samfuran 44M-4 zuwa sama suna da ɗan tsinke a baya wanda kyamarar fim take dannawa domin ƙofa ta rufe. A kan dijital babu mai danna shi, don haka ana bukatar adafta mai leɓe a ciki wanda zai riƙe tsinken a danne. Idan babu leɓen, lens zai tsaya a f/2 duk yadda aka juya zobe. Shi 44M na farko yana da ɗan maɓalli a gefe da ke kawar da wannan matsala.

Saita fokas da hannu ya fi sauƙi a kan kyamara marar madubi fiye da kan mai madubi ta dijital, wadda ba a yi gilashin leƙenta domin wannan aiki ba. Marar madubi tana iya shafa launi a gefen duk abin da ya fito sarai, tana kuma iya ƙara girman wani yanki na hoto a allo domin a duba ido ko gashin gira. Duk da haka abin yana son sabo. A f/2, idan mutum yana tsaye a nisan mita ɗaya, 'yan santimita kaɗan ne suke fitowa sarai, kuma motsi kaɗan daga mai ɗauka ko wanda ake ɗauka ya isa ya ɓata hoto. Bai dace da wasan ƙwallo ko yara masu guje-guje ba.

Kamannin hotonsa

Masu hoto suna kiran dusashewar bayan hoto da kalmar bokeh, wadda aka aro daga harshen Japan. Asalinta boke ne, an ƙara mata "h" a rubutun Turanci a wajajen 1997 domin masu karatu su furta wasalin ƙarshe. Bokeh ɗin Helios-44 shi ne dalilin shahararsa. Idan ƙofa tana buɗe, ɗigon haske da ke tsakiyar hoto yana fitowa da'ira, amma waɗanda ke gefe jikin lens yana yanke musu wani ɓangare, sai su zama kamar idon kyanwa, kuma dukansu suna kwanciya ne suna zagaye tsakiya. Idan bayan hoton cike yake da ƙananan haske, kamar rana ta cikin ganyen bishiya, sai a ga kamar komai yana juyawa a bayan mutum.

A ma'aunin masu ƙera lens wannan aibi ne, kuma shekaru da dama injiniyoyi suka yi suna ƙoƙarin kawar da irinsa. Ba kuma kullum yake fitowa ba. Yana bukatar ƙofa a buɗe, mutum a nisan mita ɗaya zuwa uku, da baya mai ɗan nisa mai ɗigo-ɗigo. A gaban bango fari babu abin da za a gani. A kan ƙaramar sensa ma yana raguwa, domin gefen da juyawar ta fi ƙarfi shi ne aka yanke. Wasu suna kwance gilashin gaba su juya shi domin ƙara ƙarfin juyawar, amma hakan yana kashe kaifin duk abin da ba ya tsakiya.

Ban da wannan, tsakiyar hoto tana da kaifi ko a f/2, gefe kuwa yana da laushi har sai an rufe zuwa f/5.6 ko f/8. Idan rana tana gaba ko a gefe, samfuran da ba su da shafin MC suna barin haske ya wanke hoto, launi ya koɗe. Rumfar lens tana taimakawa, haka ma tafin hannu. Adafta mai sheƙi a ciki tana ƙara wannan matsala, domin sensa tana mayar da haske baya fiye da fim.

Farashi da abin dubawa

Arahar Helios-44 daga yawansa ta samo asali. Bayan da kyamarori masu saita fokas da kansu suka mamaye kasuwa, tun daga Minolta 7000 ta 1985 da Canon EOS ta 1987, sannan dijital ta zo ta ture fim, miliyoyin tsofaffin lens suka koma cikin akwatuna da kasuwannin gwanjo. Farashinsa ya tashi tun da masu bidiyo a YouTube suka fara yaba shi, amma har yanzu ana samun na yau da kullum da dalar Amurka 'yan gomomi, ƙasa ƙwarai da sabon lens mai irin wannan buɗewa. Yawanci daga ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da Gabashin Turai ake sayo shi ta intanet.

Ingancin ƙira bai zama ɗaya ba ko a lokacin da suke sababbi, don haka lens biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a kaifi. A kan wannan kuma sai shekaru suka ƙara nasu. Giris ɗin zoben fokas yana bushewa ya yi tauri, ko ya narke ya gangaro kan ganyen ƙofa. A 44-2, wanda hannu ke tura ganyen, ɗan mai ba ya hana aiki, amma a masu tsinke yana sa ganye ya maƙale. Mafi muni ita ce fumfuna, wadda ke fitowa kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashi idan an ajiye lens a wuri mai laima da duhu. Idan ta daɗe tana cinye shafin gilashi, kuma gogewa ba ta mayar da shi. Ana gano ta ne ta hanyar haska tocila ta baya a duba ta gaba. Ƙura kaɗan da ƙananan kumfa a cikin gilashi ba sa shafar hoto. Akwai kuma waɗanda wani ya taɓa kwancewa ya mayar ba daidai ba, ko ya haɗa sassan lens biyu, kuma irin waɗannan ba a gane su sai an gwada a kan kyamara an ga ko suna kaiwa nesa.

A fina-finai

Wasu kamfanoni suna cire gilasan Helios su sa su a sabon jiki mai ƙarfi irin na kyamarorin silima, mai haƙoran da na'urar juya fokas ke kamawa. Daga cikinsu akwai IronGlass na ƙasar Yukren. Mai ɗaukar hoton silima Greig Fraser ya yi amfani da tsofaffin lens na Sobiyet da wannan kamfani ya sake wa jiki a wasu sassan fim ɗin The Batman na 2022 da Dune: Part Two na 2024.

Makamantansa

Adaftar M42 guda ɗaya tana ɗaukar lens da yawa. Daga Sobiyet akwai Helios-40 mai milimita 85 da f/1.5, wanda juyawarsa ta fi ƙarfi amma ya fi nauyi da tsada, da Jupiter-9 85mm f/2, da Mir-1 37mm f/2.8 wanda ya ci babbar lambar yabo a baje kolin duniya na Brussels a 1958. Daga Jamus ta Gabas akwai Pentacon 50mm f/1.8. Daga Japan akwai dangin Takumar na Asahi, waɗanda ƙirarsu ta fi ta Helios daidaito. Yawancin Super-Takumar 50mm f/1.4 suna da sinadarin toriyom a ɗaya daga gilasansu, wanda yake fitar da ɗan tururin nukiliya kuma yake mayar da gilashin rawaya bayan shekaru. Ana rage rawayar ta hanyar ajiye lens ɗin kwanaki a hasken rana ko ƙarƙashin fitilar UV.